Bayani a Kan Sauke Inji da Kuloci na Tsohuwar Fijo

Ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, kaka ta gabato, duk mai tsohuwar a-kori-kura ya fara zancen gyara. Muna nufin Fijo 404 da 504, irin waɗanda kamfanin Peugeot ya fara haɗawa a Kaduna a 1975. An daina haɗa 504 a ƙasar nan a 2006, amma har yau wasunsu na jigilar masara da shinkafa daga Doguwa da Tudun Wada zuwa Kwanar Ɗangora, har Dawanau. Mota ce mai haƙuri, sai dai mu masu ita ba mu da shi.

To, ku sani inji yana faɗin ciwonsa ta salansa. In hayaƙi shuɗi ne, baƙin mai yake ƙonawa, ringi sun mutu. In fari ne mai yawa, ruwan lagireto na raguwa, ka zaro sandar gwajin mai ka gan shi kamar koko, gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Wannan ba aikin bakin titi ba ne, sai an sauke.

Abin da ya sa muka yi wannan rubutu shi ne kuloci. Kulocin Fijo a tsakanin inji da giya yake, ba a kai masa hannu sai an raba su. Saboda haka ranar da bakanike ya sauke inji, ranar ce ta canza shi, kuɗin aiki ɗaya. Mu kanmu mun taɓa yin rowar nan. Muka sa ringi da fistin sababbi, bakanike ya ce Alhaji a sa faifai, muka ce ai da sauransa. Sati uku tsakani, mota ɗauke da masara ta tsaya a kan hawa cikin dajin Falgore, inji na ihu, taya ba ta juyawa, ga wari kamar an ƙona tsumma. Magariba ta yi mana a nan. Muka biya wata motar ta kwashe buhuna, kasuwa ta wuce mu, kuma aka sake raba inji da giya. Biya biyu ke nan, ban da fargaba.

In za a canza, a canza faifan da murfin da ke matse shi da boris ɗinsa gaba ɗaya. A duba robar da ke tare mai a bayan inji, don in tana yoyo za ta jiƙa sabon faifai ya riƙa sulɓi. Amma kulocin 504 da man birki yake aiki. In ka taka ya tafi ƙasa ba nauyi, duba man tukuna, kada a sauke maka giya a banza.

Dillalin da zai saya wa wani, ga gwaji: ja birkin hannu, sa giya ta huɗu, saki kuloci a hankali. In inji ya mutu, faifai na da rai. In ya ci gaba da kuka, a rage kuɗi.

Kaya kuwa, in ka je Ƙofar Ruwa a Kano, tafi da tsohon a hannu ka gwada, kuma da bakanikenka. Bayan gyara, kilomita 1,000 na farko kada a yi mata lodin da aka saba, sannan a juye baƙin mai.