Yadda ake cin wasan karta ta hanyar jibga wa abokin hamayya kaya

A majalisun samari na Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kamar sauran garuruwan Najeriya, kartar da aka fi sani ita ce Whot, wadda wani Bature, William Storey, ya ƙirƙiro a Ingila a shekarar 1935.

Wanda ya riga kowa zubar da katunan hannunsa shi ne ya ci. Don haka babu makamin da ya kai katin da zai ƙara wa abokin hamayya nauyi.

Idan aka ajiye mai lamba 2, na gaba zai ɗebi kati biyu daga tarin da ake kira kasuwa. Mai lamba 5 kuwa uku ne. Lamba 14 ta fi ɓarna, domin kowa sai ya je kasuwa, ban da wanda ya ajiye ta. A wurare da dama an yarda mutum ya tare 2 da wata 2, bala'in ya wuce kan na kusa da shi ya zama huɗu.

Gwanaye ba sa gaggawar sakin irin waɗannan katuna. Sukan jira sai ɗan wasa ya rage da kati ɗaya, yana ganin ya gama, sannan su ɗora masa.

Dabarar ta ƙara zurfi a Dominion, wasan da Ba'amurke Donald Vaccarino ya fitar a 2008, wanda ya lashe babbar kyautar wasanni ta Jamus a 2009. A can kowa yana fara wa da kati 10, yana sayen wasu yana gina tarinsa, kuma biyar kacal yake ja a kowane zagaye.

Katin Mayya na cusa wa abokan hamayya katin La'ana. Rage maki ɗaya da yake yi ƙaramin abu ne. Illarsa ita ce tare guri cikin biyar ɗin, yana kuma dawowa duk lokacin da aka sake gauraya tarin. Kariya ita ce katin Ramin Ganuwa.

A Zamfara dai akwai wani lissafin daban. Tun fara aiki da shari'ar Musulunci a Janairun 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, caca laifi ce a jihar. Malamai sun haɗu a kan haramcin karta in da kuɗi a tsakani. In babu, wasu na hana ta gaba ɗaya, wasu kuma na sassautawa matuƙar ba ta shagaltar da mutum daga salla ba.