Kaka Ta Yi, Me Aka Tanada a Ɗakin Karatu?

A Turai da Amurka, da zarar Satumba ta kama, ɗakunan karatu na jama'a kan manna jerin littattafan da suke ba mutane shawarar karantawa, tare da jadawalin tarurruka: ranar yara, ranar tsofaffi, ranar ganawa da marubuci. Suna da dalilinsu. Lokacin ne ake komawa makaranta, dare ke ƙara tsawo, kamfanonin ɗab'i kuma ke sakin manyan littattafansu gabanin baje kolin Frankfurt na watan Oktoba.

Mu ma muna da namu dalilin, wanda a ganina ya fi nasu ƙarfi. Kaka ce lokacin da manomi ke ajiye fartanya. An yi girbi, dammunan gero da dawa sun shiga rumbu, aljihu ya ɗan yi nauyi, sanyin hunturu bai tsananta ba tukuna. A kaka ake bukukuwan aure da dambe da kokawa, dandali ya cika da daddare, yara su kewaye tsohuwa su sha tatsuniya. Tun fil azal Bahaushe ya ware wannan lokaci don sauraro. To, me ya sa ɗakin karatu bai san da zuwansa ba?

Duk wanda ya leƙa laburaren gwamnati a garuruwanmu ya san abin da zai tarar. Matasa ne jingim idan jarrabawar WAEC ko JAMB ta matso, kowa da takardunsa da ya zo da su daga gida, ba mai ko kallon kanta. Jarrabawa na wucewa, kujeru su koma wa ƙura. Ban ga laifin yaran ba, wurin zama mai shiru suke nema, sun kuwa samu. Sai dai ba don wannan kaɗai aka buɗe laburaren Jihar Arewa a Kaduna a 1952 ba, ba kuma shi ne abin da taron UNESCO na Ibadan ya tattauna a 1953 ba. An so ne mai ɗinki da ɗan tireda da matar aure su shigo, su ari littafi, su tafi da shi gida.

Da ni ke riƙe da makullin wani laburare a bana, da tebur guda zan sa a bakin ƙofa, in ɗora littattafai kaɗan. Na farko Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Ɗan siriri ne, dare biyu sun isa a gama shi, amma tafiyar uwar nan da ta keta hamada tana neman ɗanta da aka kama bawa ba ta barin zuciya da wuri. Yawancinmu mun karanta shi ne don cin jarrabawa, muna yara, ba mu san zafin rabuwa da ɗa ba. Wanda ya haifa ya sake ɗaukarsa, zai tarar kamar an canja masa littafi. Kusa da shi zan ajiye Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, don a ɗan yi dariya da ta'asar Malam Zurƙe, sai Jiki Magayi ga mai son ganin inda ramuwar gayya ke kai mutum.

Ba zan tsaya a kan na da ba. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da ya yi nasara a gasar 1982, maganar fasa-ƙwauri da cin hanci yake yi, kai ka ce jiya aka rubuta shi. Sai Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya. An daɗe ana raina irin waɗannan littattafai da sunan adabin kasuwar Kano, amma wannan ɗin har Indiya aka buga fassararsa ta Turanci a 2012. Mata sun yi shekaru suna biyan kuɗin hayar irinsu a shaguna, yau kuma suna bin su a WhatsApp da YouTube. Masu karatu suna nan, ba su ƙare ba. Laburare ne bai je inda suke ba.

Tebur kaɗai kuwa ba zai kawo su ba, domin mu mutanen kunne ne. Magana Jari Ce, da juzu'insa uku suka fito tsakanin 1937 da 1939, kansa labari ne da aku ke bayarwa da baki, kuma bai taɓa yin daɗi kamar a ji shi daga mai murya ba. A ware yammacin Asabar, bayan La'asar, a shimfiɗa tabarmi a harabar laburare, malamin firamare ko ɗalibar sakandare su karanta labari ɗaya, a tsaya a inda ya fi daɗi, a ce sai mako mai zuwa. Wata ranar a gayyato mai rera Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon Zariya da waƙarsa ta zaga ƙasar Hausa ta bakin mabarata tun kafin da yawa su gan ta a takarda. Mata a ba su safiyar Laraba su kaɗai, mace ta jagoranci zaman, a bar su su zo da goyonsu. Malamin gona ma na da gurbi: ya zo ya yi bayanin adana wake a buhun da iska ba ta shiga, tunda lokacin ke nan da ƙwari ke cinye wahalar shekara.

Na san za a ce babu kuɗi, gaskiya ne kuma, sayen sababbin littattafai da gyaran rufi sai da kasafi. Amma tabarma da mai karatu da sanarwa a masallacin unguwa ba su kai kuɗin buhun masara ba. Lokacin ne dai ba ya jira. Kafin Disamba ta ƙare samarin ƙauye sun ɗaure kaya sun tafi cirani, ba za a sake ganinsu ba sai hadari ya fara haɗuwa a gabas.