Layin RETURNS da kuɗin da ke zurarewa a rumbun bayanai

Mai rubuta fankishin a PostgreSQL, wato ɗan gajeren shirin da ake ajiyewa cikin rumbun bayanai don a riƙa kiransa ya yi lissafi, dole ne ya faɗi tun farko irin amsar da shirin zai bayar. A layin RETURNS ake faɗin haka: cikakkiyar lamba ce, rubutu ne, kwanan wata ne, ko jadawali ne guda. Wannan na ƙarshen, RETURNS TABLE, ya shigo ne a sigar 8.4 ta shekarar 2009.

Da yawa kan rubuta layin a gaggauce, su koma kan lissafin da suke ganin shi ne aikin gaske. A ganina nan ɓarnar take farawa.

A ce fankishin na lissafa riba, aka ayyana amsarsa da integer, wato cikakkiyar lamba. Lissafi ya fito 7.6. A harshen PL/pgSQL, wanda ake rubuta irin waɗannan shirye-shiryen da shi, rumbun ba zai yi ƙorafi ba, zai mayar da ita 8 ya miƙa maka, kai kuwa ba ka sani ba. Haka kuma integer tana da rufi: 2,147,483,647. Adadin ya yi kama da mai yawa, amma in da kwabo ake ajiye kuɗin, bai wuce naira miliyan 21 da 'yan kai ba, kuɗin da babban dillalin hatsi kan juya cikin ɗan lokaci. Da zarar jimilla ta haura, sai saƙon kuskure. Masu gudun wannan kan koma double precision, alhali ita ma ba ta riƙe goma-goma daidai, domin jimillar 0.1 da 0.2 a wurinta 0.30000000000000004 ne. Ga harkar kuɗi, numeric ko bigint ne suka dace.

Gyara kuma ba arha ba ne. Umarnin CREATE OR REPLACE yana barin ka sauya cikin fankishin yadda ka so, amma ba ya yarda a taɓa nau'in amsa. Sai an goge shi da DROP an sake ginawa. In akwai wasu jadawalan gani (views) da suka jingina da shi, PostgreSQL zai ƙi gogewar, sai dai ka ƙara CASCADE, wanda zai kwashe su duka tare da shi, kuma kai ne za ka sake rubuta kowanne.