Bitamin K: Yadda Masana Suke Haɗa Shi a Ɗakin Gwaje-gwaje

A wannan ɗan taƙaitaccen rubutu, ina so in jawo hankalin mai karatu zuwa ga wani sinadari da ba a cika jin sunansa ba, alhali kuwa sai da shi hanta take iya sarrafa abubuwan da ke daskarar da jini idan an ji rauni. Sunansa bitamin K.

A shekarar 1929 ne wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Henrik Dam ya lura cewa 'yan tsakin da yake ba abincin da aka cire wa kitse suna zubar da jini a ƙarƙashin fata. Ya gane akwai abin da suka rasa, daga baya ya raɗa masa suna K, wato harafin farko na kalmar daskarewa a Jamusanci. A 1939 Edward Doisy da abokan aikinsa a Amurka suka gano tsarinsa, suka kuma haɗa shi da kansu. Dam da Doisy ne suka raba lambar yabo ta Nobel ta 1943.

To, yaya ake haɗa shi? Sinadarin yana da sassa biyu, kai da jela. Kan nasa zobba biyu ne na kabon manne da juna, ana kiransa manadiyon. Ana samun sa ne idan aka ƙara oksijin ga wani sinadari da ake tacewa daga kwaltar kwal. Ita kuwa jelar, sarƙa ce mai ƙwayoyin kabon 20 da ake samu daga fitol, wanda ke cikin koren ganye. Da farko sai a ƙara wa kan haidurojin domin ya iya karɓar jelar, a haɗa su da taimakon asid, sannan a cire haidurojin ɗin. Abin da ke fitowa wani mai ne rawaya, wato bitamin K1, irin wanda ke cikin alayyafo da kabeji.

A ganina, babban amfanin wannan aiki ga jarirai yake. Ana haihuwar jariri da ƙarancin bitamin K, nonon uwa ma bai ƙunshi mai yawa ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowane jariri allurar miligiram 1 bayan haihuwa. Jaririn da bai samu ba, jini yana iya ɓalle masa ta cibiya, ko cikin ƙwaƙwalwa, ko lokacin da wanzami ya yi masa tsaga ko ya cire masa belu.

Daga ƙarshe, ina kira ga iyaye, musamman waɗanda aka yi musu haihuwa a gida, da su kai jariri asibiti su nemi wannan allura tun kafin ranar suna. Rigakafi ya fi magani.