Ina Control Panel Ya Shige? Yadda Uwargida Za Ta Gano Shi Bayan Kwamfuta Ta Sabunta

A yau kwamfutar tafi-da-gidanka, wato laftof, ta zama ɗaya daga cikin kayan gida. Wata da ita take lissafin kasuwancinta, wata karatu take yi, wata kuma yaranta ne ke koyon amsa jarrabawar JAMB a kai, tunda yanzu da kwamfuta ake yin ta. To amma akwai wani abu da ke tayar wa mata da yawa hankali: a kashe kwamfuta da dare lafiya lau, da safe a kunna a tarar fuskarta ta sauya, wurin da aka saba shiga don gyara saiti ya yi ɓatan dabo. Nan da nan sai a ce ta lalace, a aika yaro da ita wurin mai gyara.

Kafin ki yi haka 'yar uwa, ki tuna abin da ke cikinta: hotunan biki da na suna, takardun maigida, da lambobin sirri. Bai kamata waɗannan su kwana a shagon wanda ba ki sani ba saboda matsalar da za ki iya magancewa cikin minti biyu.

Me ya sa abubuwa ke sauya wuri?

Babbar manhajar da ke tafiyar da galibin laftof ɗinmu ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft da ke Amurka. Control Panel kuwa shi ne ɗakin da ake saita komai, daga agogo da sauti zuwa firinta, kuma yana nan tun Windows na farko a 1985. Waɗanda suka fara da Windows XP na 2001 ko Windows 7 na 2009 sun saba da latsa Start su gan shi a fili.

A 2012 ne Windows 8 ya zo da sabon ɗakin saiti, wanda a Windows 10 na 2015 aka faɗaɗa shi da sunan Settings. Tun daga lokacin kamfanin yake kwashe kaya kaɗan-kaɗan daga tsohon ɗaki zuwa sabo, tamkar matar da aka gina wa sabon kicin, tana ɗebo tukwane ɗaya bayan ɗaya alhali ba a rushe tsohon ba. A sabuntawar 2017 aka cire sunan Control Panel daga jerin da ke fitowa idan an latsa ɓangaren dama na linzami a kan Start. A ta Oktoban 2020 kuma shafin System na cikinsa ya koma Settings. Da Windows 11 ya fito a Oktoban 2021, sai maɓallin Start kansa ya taso daga kusurwar hagu ya dawo tsakiya. Ashe dai ba lalacewa ba ce, ƙaura ce.

Hanyoyi uku na gano shi

Hanya mafi sauƙi ita ce ki latsa maɓallin da ke ɗauke da tambarin Windows, mai kama da taga, a layin ƙasa na allon rubutu. Daga nan ki rubuta kalmar control, za ki ga Control Panel ya bayyana a saman jerin, sai ki latsa Enter.

Hanya ta biyu, ki danne wannan maɓalli tare da harafin R. Wani ɗan akwati zai fito, ki rubuta control a ciki ki latsa Enter. Wannan hanya tana aiki daga XP har zuwa Windows 11, don haka ita ce ta fi cancanta ki haddace.

Ta uku kuwa ta sabon ɗakin ce: maɓallin Windows tare da harafin I zai buɗe miki Settings kai tsaye. A samansa akwai gurbin bincike, idan kin manta inda abu yake ki rubuta sunansa kawai.

Idan Control Panel ya buɗe kin ga 'yan rukunai ne kawai, ki duba saman dama inda aka rubuta View by, ki zaɓi Large icons, komai zai baje a gabanki. Don gudun sake nema kuma, yayin da yake buɗe ki latsa ɓangaren dama na linzami a kan alamarsa da ke layin ƙasa, ki zaɓi Pin to taskbar. Shi ke nan ya zauna.

Abin da ya kamata uwa ta duba

Na farko shi ne data. Microsoft kan fitar da gyare-gyaren tsaro a ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma kwamfuta kan sauko da su da kanta. Idan da wayarki kike ba ta intanet, tana iya shanye datar mako guda a zama ɗaya. Ki shiga Settings, sai Network & internet, sai Wi-Fi, ki buɗe bayanan layin da kike kai, ki kunna Metered connection. Wannan zai sa ta rage saukar da manyan kaya. A shafin Windows Update kuma kina iya dakatar da sabuntawa har mako 5. Sai dai kada ki mai da dakatarwar ɗabi'a, domin waɗannan gyare-gyaren ne ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi.

Na biyu shi ne yara. Abin da a da ake kira Parental Controls a Windows 7 yanzu ya koma Settings, ƙarƙashin Accounts, a sashen Family. A nan za ki buɗe wa kowane yaro asusunsa na Microsoft, ki ƙayyade masa awannin da zai yi a rana, ki kuma toshe shafukan da ba su dace ba. Ki lura, tacewar shafukan tana aiki ne da manhajar Edge. Duk lokacin da aka yi babbar sabuntawa, ki sake leƙawa ki tabbatar komai na nan yadda kika bar shi. Rigakafi ya fi magani.

Na uku shi ne harshe. Mai son rubuta Larabci ko Hausa mai ƙugiya ta shiga Time & language ta ƙara harshen, sannan ta riƙa sauyawa da maɓallin Windows tare da dogon maɓallin nan na bayar da tazara.

Idan sabon bai karɓe ki ba

Bayan babbar sabuntawa, Windows na ba da kwana 10 a koma tsohon zubi. A Windows 11 ki bi Settings, System, Recovery, sai Go back. A Windows 10 kuwa Recovery yana ƙarƙashin Update & Security. Kafin ki taɓa wannan ki kwafe muhimman takardunki a filas. Haka nan kada ki fara sabuntawa sai batir ya cika, kuma kada ki kashe kwamfuta tana tsakiyar aiki ko da an ɗauke wuta, domin katsewar tana iya hana ta tashi gaba ɗaya.

Masu Windows 10 su sani cewa tun 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba shi kyauta. Idan za a sayo wa gida laftof, musamman na hannu, a tabbatar zai ɗauki Windows 11, wanda ke buƙatar aƙalla RAM mai 4GB da ma'adana mai 64GB, tare da guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Mai amfani da MacBook kuma, System Preferences ɗinta ya koma System Settings tun 2022, yana ƙarƙashin alamar tuffa a kusurwar hagu ta sama.

Shawarata ita ce ki rubuta hanyoyin nan uku a 'yar takarda ki manna a cikin jakar laftof ɗin, sannan ki zaunar da 'ya'yanki mata ki koya musu.