Yadda littafin hotuna ke koya wa yara kashi cikin ɗari

Yara da yawa kan haddace alamar % ba tare da sanin ma'anarta ba. Littafin hotuna yana magance wannan, domin ido ne ke fara ganin lissafin kafin hannu ya rubuta shi.

A shafi guda akwai zanen kaji 100, an jera su goma-goma. Malama ta ce wa yaro ya shafa wa 50 jan launi. Yana gamawa sai ya ga rabin shafin ya yi ja, kashi 50 cikin ɗari ke nan. In ya shafa 25, ya sami kwata. Layi ɗaya kuwa kashi 10 ne.

Daga nan sai a sauya adadin: mangwaro 20 a faranti, 5 sun nuna. Yaron da ya saba da shafin kajin zai gane kwata ce, wato kashi 25.

Amfanin ya wuce aji. Zakkar hatsin damina kashi 10 ce, ta noman ban-ruwa da inji kashi 5. Iyaye ma za su iya zana irin wannan shafi a gida, takarda da fensir sun wadatar.