Kafin a sauke akwatin giya, a fara bin waya

A garejojinmu akwai wata jimla da kan tayar da hankalin mai mota, wato "giya ta mutu". Da zarar bakanike ya furta ta, sai a shiga lissafin kuɗin akwatin giya na hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Ni dai na daɗe ina zargin wannan jimla, domin mutuwa hukunci ne, alhali abin da aka gani alama ce kawai: mota ta ƙi sauya giya.

Bari in ɗauki misali guda. A shekarar 1993 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da akwatin giya mai sauya kansa da ake kira 4L60E, wanda aka sanya wa ɗimbin motocin a-kori-kura na Chevrolet da GMC. A cikinsa akwai solinoyid biyu masu kula da sauyin giya, A da B. Solinoyid kuwa naɗin waya ne da ke zama maganaɗiso idan wuta ta ratsa shi, sai ya toshe ko ya buɗe hanyar man giya. A giya ta ɗaya dukansu a kunne suke. A ta biyu B kaɗai. A ta huɗu A kaɗai. A ta uku kuwa dukansu a kashe. Mai karatu ya lura da wannan na ƙarshe. Idan wuta ta yanke wa akwatin gaba ɗaya, motar za ta maƙale a giya ta uku, ta riƙa tashi da nauyi tamkar an yi mata lodi fiye da kima. Ƙarafunan ciki lafiyarsu ƙalau. Fis ne ya ƙone, ko makunnin mota ya cinye, ko waya ta goge a jikin ƙarfe.

Tun 1996 motocin Amurka ke bayyana ciwonsu da lambobi, ta tsarin OBD-II. Sai dai lambar ma tana bukatar mai fassara, kuma a nan ne ni da nake nazarin harshe na fi ganin ana tuntuɓe. P0753 na nufin matsala a da'irar wutar solinoyid A, P0758 kuma ta B. Da'ira aka ce, ba solinoyid ba; ta haɗa da fis da waya da soket da ƙwaƙwalwar mota. Amma da yake sunan solinoyid ya fito a allon na'urar, sai a bar jaki a daki taiki. Idan lambobin biyu suka bayyana tare da P0740 da P0785 da P1860, da wuya a ce solinoyid da yawa sun lalace rana guda. Waya ɗaya ce mai ruwan hoda ke kai musu wuta duka, ita za a fara tuhuma.

Aikin ba ya bukatar fiye da mitar awon wuta da haƙuri. A duba batir da wayar da ke haɗa shi da jikin mota. A zare soket ɗin da ke gefen akwatin, a ga ko man giya ya tsattsafo ciki ko ƙusoshinsa sun yi tsatsa. A murɗa makulli, a tabbatar wuta kimanin bolt 12 na isowa ƙusa ta E. Sannan a auna daga E zuwa A, da E zuwa B ta ɓangaren akwatin: lafiyayyen solinoyid kan nuna tsakanin om 20 da 40. Yana da kyau a maimaita awon bayan mota ta yi zafi, domin wani naɗin sai ya ɗumama yake yankewa.

Ko da solinoyid ɗin ne ya lalace, farantin man da ke ƙasa za a kwance a sauya shi, akwatin na nan a mazauninsa. Saboda haka, duk wanda aka ce masa giyarsa ta mutu, yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa lambar da aka karanta da adadin da mita ta bayar kafin a taɓa noti ko ɗaya.